Gashin Aro

"Rana ɗaya tak, Baba," in ji Wynona. "Ka zo bikina a matsayin ubana."

Delbert bai juyo daga madubi ba. "To da a matsayin wa zan zo?"

"A matsayin wanda ya mutu tun kafin a haife ni."

Royce Tillery take nufi, sarkin kiɗan rok da birnin Memphis ya binne amma ya hana shi hutawa. Tun yana saurayi Delbert yake cin abinci da kwaikwayonsa: gashin aro baƙi wuluk, ƙaton tabarau, farar riga mai ƙyalƙyali. Da su yake zuwa kanti, da su yake karyawa. Da su ya raka matarsa makabarta, har wasu masu ta'aziyya suka nemi ɗaukar hoto da shi.

"Mutane za su ji babu daɗi," ya ce.

"Ni ba mutum ba ce?"

Hollis, angon, ya so ya raba gardama. "Ki bar tsoho ya sha iska, masoyiyata. Ga mawaƙi kyauta, me kike nema kuma?"

"Kai kana da uba, Hollis. Ni hoton fasta nake da shi a bango."

Delbert ya ajiye matajinsa a hankali.

Ranar bikin Wynona ta tsaya a ƙofar coci, tana jiran hannun da zai kai ta gaban fasto. Rana ta take, furen hannunta ya fara yaushi. Idonta na kan titi, tana neman farar riga, don a ranta ta riga ta haƙura.

Wani dattijo mai sanƙo ya hawo matakala cikin tsohuwar kwat mai ruwan toka. Mai tarbar baƙi, maƙwabcinsu ne tun tana rarrafe, ya tare shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, tsoho. Ɓangaren amarya ko na ango?"

Dattijon ya dubi Wynona. Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙo, ta mai da ido kan titi.

Ya ɗan tsaya. Sai ya juya ya fara sauka, yana jan ƙafar hagu.

Wannan tafiyar ta sani.

"Baba..."

Ta tattare rigar amarci ta bi shi. Kafin ta isa ya shige mota, ya ɗauko gashin daga kujerar baya yana daidaita shi a ka.

"Baba, don Allah cire. Rana ce ta kashe mini ido. Na gane ka, wallahi na gane ka..."

"Daga baya kika gane ni, 'yar Baba. Gurgu kowa ya san shi."

"Ka ba ni lokaci, zan saba."

"Da wa? Ni ma da safe na daɗe ina kallonsa a madubi, ban ga abin da zan ce masa ba." Ya maƙala tabarau. "Uwarki kaɗai ta san mutumin nan. Ita kuma ba ta bar mana bayani ba."

Ya fito ya miƙa mata hannu. Ta kama.

Suna shiga coci jama'a suka ɗauki tafi, wani daga baya har da fito. Wynona na kuka, mata suna ta gyaɗa kai: amarya ce, dole.

"Wa ke ba da wannan yarinya aure?" in ji fasto.

Delbert ya gyara murya, ya amsa da muryar Royce Tillery.