Gungumen Giginya a Kan Rafi

A garin Kwoi akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai shekara goma sha ɗaya. Tana da ƙanwa 'yar shekara biyar, sunanta Tamar.

Wata ranar Asabar, lokacin tonon citta, mahaifiyarsu ta kira babbar. Ta ce, "Ki kai wa babanku ruwan sha a gona, ki tafi da Tamar. Ku bi ta gada. Ban yarda ku bi ta rafi ba."

"To, Mama."

Hanyar gada tana da nisa. Ta rafi kuwa gajeriya ce, amma gungumen giginya guda ɗaya ne aka ɗora a kan ruwan. Yarinyar ta saba hawansa. Sai ta bi ta nan, ta haye tsaf da jarka a kanta.

Tamar ta tsaya a bakin gungumen. "Yaya, ƙafata tana rawa."

"Tsoro ne kawai, raguwa! Taho mana."

Tamar ta hau. Taku uku ta yi, jikinta ya karkata, ta faɗa kan duwatsu. Ruwan ba shi da zurfi, amma hannunta na dama ya bugu, ya fara kumbura.

Yarinyar ta ajiye jarkar, ta goya ƙanwarta zuwa gida. Duk hanya tambaya ɗaya ce a ranta: ko hannun ya karye?

Mama ba ta tsaya faɗa ba. Ta kai su wurin maƙwabciyarsu, Mama Hephzibah, tsohuwar nas. Ita kuma ta ɗora tsumma mai sanyi a kan hannun, ta ce a jira Tamar ta daina kuka kafin ta duba. Sannan ta tambayi yadda aka yi.

"Ni kullum ina haye gungumen nan na rafi," in ji yarinyar. "Ita ce ba ta yi ƙoƙari ba."

"Haka ne? To, tsaya da ƙafa ɗaya."

Ta tsaya cak, har aka ƙirga talatin.

"Yanzu rufe idonki."

Kafin a kai biyar, ta yi tangal-tangal, ta dafe bango. Tamar ta yi dariya da hawaye a fuska. "Yaya za ta faɗi!"

"Abin da kika ji yanzu, shi Tamar ta ji a kan gungumen, ga idonta a buɗe," in ji Mama Hephzibah. "Ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa, su ne suke haɗuwa su riƙe mutum. A jikin ƙaramin yaro ba su gama sabawa da juna ba. Sai an yi shekaru. Ke ma da kina kamarta, a filin tsakar gida kike faɗuwa. Ni na sha wanke miki gwiwa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Mama Hephzibah ta latsa hannun a hankali. Ta sa Tamar ta motsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Targaɗe ne, bai karye ba."

"Mun gode wa Ubangiji," in ji Mama.

Yarinyar ta durƙusa. "Mama, na ƙi jin maganarki. Ki yafe mini. Tamar, yi haƙuri."

Bayan mako biyu hannun ya warke. Kowace yamma yarinyar takan ja layi da gawayi a ƙasa, ta riƙe Tamar, tana koya mata tafiya a kansa. Idan ta kauce, sai su sake daga farko.

Yara, abin da ya zame muku da sauƙi, jikinku ya ɗauki shekaru yana koyonsa. Kada ku tilasta wa ƙaramin yaro abin da jikinsa bai kai ba. Idan kuma iyaye sun hana ku wata hanya, ku ji.