Ƙafar da Hadassah Ba Ta Karya Ba

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya ranar da Kawu Ebenezer ya watso wa Hadassah kayanta waje. Doguwar yarinyar nan, wadda sai ta sunkuya take shiga ɗaki, tana durƙushe cikin taɓon ƙofar gidansu a Mahuta, tana tsince rigunan wasanta, hawaye na haɗuwa da ruwan da ke dukan fuskarta.

"Kawu, ka ji ta bakina ko sau ɗaya ne. Ban taɓa ta ba..."

"Kowa a coci ya ji abin da kika yi," in ji shi. "Tun da iyayenki suka rasu nake riƙe da ke, sakayyar ke nan? Ki karya 'yar mutane don a kai ki ƙasar waje? Ki nemi wani kawun."

Ya rufe ƙofa.

Hadassah 'yar wasan ƙwallon kwando ce, kuma da wasan take ci take sha. Ita da Favour, kyaftin ɗin ƙungiyarsu, tare suka taso a filin unguwa, tun lokacin da tsohuwar tayar keke ce kwandonsu. A shekarar nan wata ƙungiya daga ƙasar waje ta turo wakili ya zaɓi mutum ɗaya cikinsu. A wasan ƙarshe, a gaban wakilin, su biyun suka yi tsalle tare a ƙarƙashin kwando. Da suka sauko, aka ji ƙarar ƙashi har kujerun 'yan kallo. Kafin a kai Favour asibiti, kocinsu Samson ya riga ya gaya wa kowa cewa da idonsa ya ga Hadassah ta sa mata ƙafa.

Aka kore ta daga ƙungiya. Hukumar wasan ta dakatar da ita. Ta je asibiti da kular abinci, mahaifiyar Favour ta tare ta a bakin ƙofa ta kife kular a ƙasa. Hadassah ta leƙa ta taga suka haɗa ido da ƙawarta, sai Favour ta juya fuska bango. Wannan juyawar ta fi korar ciwo.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a Unguwar Sanusi, Inna Larai, ita ta ba ta tabarma a ɗakinta. Hadassah ta samu aikin lodin katan a wata masana'anta a Kudenda. Hannun da dubban mutane ke tafa wa ya koma duk kanta, bayanta ya riƙe, ta rame har tsayin ya zama abin tsoro. In ta wuce, matasa su ce, "Ga mai karya ƙafa nan." Ranar Lahadi takan zauna a bencin ƙarshe na wata majami'ar da ba a san ta ba, ta yi kuka ba sauti: "Ya Ubangiji, kai kana wurin. Kai ka ga inda ƙafata ta sauka..."

"Ki ci abinci, 'yar nan," Inna kan ce, tana tura mata kofin koko. "Ke kina roƙo a can, ni ina roƙo a kan sallayata. Ba zai ƙi mu duka biyu ba."

Damina biyu ta wuce a haka. Wata yamma Hadassah ta fito daga aiki, sai ta ga mace tsaye a bakin get, ta dogara da sanda. Favour ce. Ta saki sandar, ta zube ƙasa a gaban Hadassah.

"Sista, tun kafin wasan nan ƙashina ya tsage. Likita ya ce kada in buga. Koci ya sa aka yi min allurar kashe zafi, ya ce in na yi shiru ni za a ɗauka. Da na karye, ya ji tsoro kada a kama shi, ya ɗora miki. Ya ce zai kula da ni in na warke. Ko wayata ya daina ɗauka." Ta share majina da bakin zani. "Jiya ya sa aka yi wa Debby irin allurar, ƙaramar da aka ɗauka a gurbinki. Na kasa barci."

Hadassah ta daɗe tana kallonta. Ta sunkuya ta ɗauko sandar, ta ɗaga ƙawarta.

"Tashi, ƙasa da sanyi. Debby ta buga?"

"Sai Asabar."

"To mu je yanzu."

A gaban hukumar Favour ta maimaita komai, Debby ta ɗaga wando ta nuna gurbin allura. Samson ya yi ta gumi yana rantsuwa, har mai yin allurar ya amsa da bakinsa. Aka haramta masa horar da 'yan wasa har abada, 'yan sanda suka fita da shi ta tsakiyar yaran da ya saba daka wa tsawa.

An wanke Hadassah a bainar jama'a, ƙungiya ta maida ita, ta ba ta kyaftin. Ƙasar waje kam ta wuce ta, kuma ƙafar Favour ba ta ƙara taka fili ba. A wasan Hadassah na farko bayan dawowarta numfashi ya yi ta yanke mata, amma ita ta jefa ƙwallon da ya ba su nasara. Jama'a na ta kiran sunanta, ita kuwa ta ratsa su ta nufi kujerar gaba, inda wata tsohuwa cikin hijabi ke zaune tana rarraba ido, don ba ta taɓa shiga filin wasa ba. Hadassah ta durƙusa ta ɗora kanta a cinyarta.

"Wai an ci ne, ko an cinye mu?" Inna Larai ta tambaya.

"An ci, Inna," ta ce cikin kuka. "Mun ci."