Fillancin Jamalu

A bakin kanal ɗin da ya ratsa bayan Bunkure Jamaluddeen ya fara ganin Raliya. Yana tsugune kan injin ban-ruwan wani manomi, hannunsa duk baƙin mai, ita kuma ta taho da ƙwaryar nono a ka za ta kasuwa.

“'Yar Fillo, a sam mana na ɗari biyu.”

“Ka fara wanke hannun nan tukuna, Injiniya.”

Ya wanke, ya sha, ya ƙara. Tun daga ranar, ko injin kowa lafiya lau yake, sai Jamalu ya samu abin dubawa a wannan hanya duk ranar kasuwa. Kafin a yanke shinkafar rani sun shaƙu.

Da manyansa suka je rugar su Raliya, mahaifinta Malam Iliyasu ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ya ce maganar tana hannun Dada, kakar da ta raini yarinyar tun rasuwar uwarta. Dada kuwa tana jin Hausa tsaf, sai dai ba ta mayar da ita. Jikokinta uku sun yi aure a gari, 'ya'yansu in sun zo sai dai su zuba mata ido. Ta aiko da amsa cewa ba za ta ba da Raliya ga wanda sai an yi musu tafinta ba. In yana so, ya zo su yi hira da Fillanci. In ba zai iya ba, ga Sammani ɗan baffan yarinyar nan yana jira.

Jamalu ya garzaya wurin abokinsa Lukmanu, malamin firamare, wanda ya koyi Larabci da Turanci duk ta hanyar rubutu da hadda. Lukmanu ya samo masa wani tsohon littafin koyon Fillanci a Kano, ya ce ya haddace kalma ashirin kullum, kuma kada ya kuskura ya buɗe baki gaban tsohuwa sai ya ƙware.

Shawarar ba ta da laifi, sai dai da mai ita kawai ta dace. Jamalu mutum ne da ya sha bulala a makaranta har ya gaji ya gudu, amma in inji ya yi tari daga nesa, zai gaya maka abin da ke damunsa. Ya zauna da littafi wata biyar. In ya haddace kalmomi da safe, kafin azahar sun bi ruwa. Kunya ta sa ya ɗauke ƙafa daga hanyar ruga.

Raliya ta turo masa saƙo: “Injiniyana, in ka fasa ne ka gaya min. Sammani ya zo sau uku a satin nan. Dada tana tambaya ko ɗan Hausan ya gudu.”

Ya amsa: “Raliyata, ban gudu ba wallahi. Karatu nake. Ba na son in zo in kunyata ki.”

“Rashin zuwanka ya fi kunyata ni.”

Saƙon nan ya hana shi sakat. Ranar kasuwa ya tare ta a kan kwalbati, littafin na leƙe a aljihunsa duk ya yi laushi.

“Mu ji abin da ka koya,” in ji ta.

Ya laluba kalmomin da ya haddace, duk sun gudu. Idonsa ya ciko.

Ta sauke ƙwaryar ta dube shi. “Gyaran inji a wane littafi ka karanta shi?”

“Ba littafi. Wurin ogana na zauna, ina ji, ina taɓawa, ina ɓatawa yana zagina.”

“To me ya sa ka ari hanyar Malam Lukmanu? Gobe babana zai shigo da shanu gonakin da aka yanke, su ci karan shinkafa. Ka zo ka ɓata, a yi maka dariya.”

Ya zo, kuma an yi masa dariyar har da riƙe ciki. Amma kalmar da ya ji yana riƙe da igiyar ɗan maraƙi ba ta sake ɓace masa ba. Aka ce masa nagge yana dafe da saniya, aka ce kosam yana riƙe da ƙwaryar nono. A wata biyu ya fara mayar wa Malam Iliyasu magana, karkatacciya dai, amma ana ganewa.

Sai dai a lokacin Dada ta kwanta ciwo. Da hantsi aka shigar da Jamalu bukkarta, ya durƙusa ya yi mata ina kwana da Fillanci.

“Dada, a waali jam?”

Tsohuwar ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce harshensa kamar na ɗan yaye, amma ya zauna.

Kwana tara suka samu. Kullum da safe yana zuwa, tana ba shi labarin yadda ƙasar nan take kafin a haƙa kanal, yana tsintar rabi yana tambayar rabi. A rana ta bakwai ta kira Malam Iliyasu ta ce ta ba Jamalu Raliya. A ta tara ta ɗauko labarin yadda aka yi nata auren, ta kai inda kakan Raliya ya biyo ta rafi, sai numfashi ya gaza mata.

“Ka makara, ɗan Hausa,” ta ce da Fillanci, kuma ya gane kowace kalma. “Da tun farko ka zo, da mun sha hira. Gobe na ƙarasa maka.”

Kafin ya iso washegari Allah ya karɓi abarSa.

Bayan an yi arba'in aka ɗaura aure a masallacin Juma'a na Bunkure. Sammani ma ya zo, ya ba Jamalu hannu. Da la'asar, kafin a tafi da amarya, Malam Iliyasu ya haɗa ta da ango a ƙofar bukkar Dada. Jamalu ya sunkuya ya yi ƙasa da murya.

“Raliyata, ki ƙarasa min labarin rafin nan.”

Ta girgiza kai a cikin mayafi, hawaye na zuba. “Ban san shi ba. Ko ni ba ta taɓa ba ni shi ba. Kai ta ajiye wa.”

Jamalu ya tuna wata biyar ɗin da ya ƙone a kan littafi, ya kasa ɗaga kai. Nadamar nan har yau ba ta sake shi ba.

Malam Iliyasu ya dafa kawunansu, ya yi musu addu'a da harshen uwarsa: Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya haskaka kabarin Dada. Babu wanda ya fassara wa ango. Da muryar kuka ya ce amin a kan kowace gaɓa.