Zabiyar da Ta Haɗa da Amshi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A wani gari an yi 'yan mata uku mawaƙa. Delu ce zabiya, Kande da Tabawa suna yi mata amshi. Da yabo ya yi wa Delu yawa, sai ta ce, "Daga yau baiti nawa, amshi nawa. Ku yi tafi kawai."

Ranar bikin girbi ta yi baiti, ta yi amshi, ta yi baiti, ta yi amshi. Ashe lokacin amshi ne zabiya take numfasawa. Muryarta ta sarƙe, dandali ya yi tsit.

Kande ta matso a hankali. "Yaya, huta, mu karɓa."

Suka karɓa har Delu ta numfasa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kande, baiti na gaba naki ne. Ni zan amsa."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.