Kaska a Motar Barau

Na'urar bin sawun da ake kira kaska ba ta fi ƙwayar gero girma ba. Ƙaramin jirgi marar matuƙi ne ke tofa ta a ƙarƙashin mota, ta manne, daga nan duk inda motar ta taka sai jan zare ya bayyana a allon 'yan sandan Birnin Tsauni. A hantsin wata Alhamis ta shekarar 2084, zaren yana bin motar hayar wani direba mai suna Barau.

Injiniya Asabe ce ta ƙera kaska, ita ce kuma ta sa mata makulli: ba ta farkawa sai alƙali ya ga hujja ya dangwala yatsa a takardar izini. Da makullin nan take alfahari har a gidan biki. Amma akwai ƙofar gwaji mai tsallake makullin, wadda ita kaɗai ta san lambarta. Ranar da shugaban sashen binciken 'yan sanda ya tako har falonta yana roƙon lambar, wai kotu ta cika jan ƙafa, Asabe ta san amsar da ta dace. Sai dai aminin marigayi mahaifinta ne, shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baffa." Digirinta uku na jami'a suka tafi a banza a kalma biyu.

Da lambar aka saki kaska a kan motocin haya dubu huɗu, ba izinin kowa, aka yi kusan shekara uku ana bin su. Kwamfutar 'yan sanda ta lura cewa duk Alhamis Barau yana kashe mita, ya shiga wani lungu a Unguwar Marina, ya sauke buhu, ya fice cikin minti biyu. A lissafinta, haka masu safarar ƙwaya suke yi. Aka kama shi. Kwana tara ana tambayarsa, ya ƙi buɗe baki.

A kotu aka haska taswirar a bango. Alhamis ɗari da arba'in, duk a ƙofa ɗaya: gidan Alhaji Ɗantani, dattijon unguwar, wanda Barau ya taɓa yi wa direba. Buhun kuwa shinkafa ce da wake. Arzikin Alhaji ya daɗe da karyewa, amma ba wanda ya sani, domin kullum da wankakkiyar riga yake fita. Shi kansa bai san mai ajiye masa buhu a zaure ba.

Alƙali ya nemi takardar izini, babu. Ya kori ƙarar, ya yi faɗa sosai. Sai dai rabin unguwar na zaune a kotun, sun gani da idonsu.

Asabe ta toshe ƙofar gwaji a ranar, ta ajiye aiki. Kunya da baƙin ciki suka hana ta cin abinci. Sai da ta yi wata guda kafin ta iya zuwa tasha. Ta tarar da Barau yana cajin motarsa, ta faɗa masa ko ita wace ce, ta roƙi gafara.

Barau bai yi fushi ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"Hajiya, ni kwana tara kawai na yi, ya wuce," in ji shi. "Alhaji ne. Ya daina fita masallaci. Na kai buhu sau uku, sau uku yana aiko mini da shi, wai a gode mini."

Ya zare wayar caji, ya naɗe ta a hankali.

"Mutum goma sha ɗaya ne a gidan nan. Ban san abin da suke ci ba yanzu."