Baƙin Mai a Fatar Ido

A tashar manyan motoci ta Bertoua, inda nake gasa kifi, direbobi sun ƙirƙiro wani shirme wai shi Cocin Sitiyari. Fadansu, wato limamin cocin, rigar makanike yake sawa, hon ɗin mota ne ƙararrawarsu, ruwan baftisma kuwa daga lagireto suke tsiyayowa. Mai rai su zana masa gicciye da baƙin mai a goshi, mamaci su shafa masa a fatar ido. Mijina Anicet, wanda shi ma direba ne, ya nace sai sun yi wa 'yarmu Solange baftisma. Na ce cocin gaske zan kai ta.

Wani dare ina kashe garwashi, Solange a bayana, sai wani dogo ya zauna a bencina. Karnukan tasha suka yi tsit. Warin man gas ya danne na kifi.

"Maman Solange, sauko da yarinyar in sa mata albarka," in ji shi. Muryarsa tana kakkarwa kamar injin da aka bari a kunne.

"Albarkar gareji? Je ka shafa wa tayarka, Fadan bogi."

"Anicet ya yi mana alkawarinta."

"Shi ya yi naƙudar?"

Na ƙara tamke zanen goyo, na ɗaga fitila in ga fuskar marar kunya. Goshinsa tas, babu gicciye. Sai ya lumshe ido a hankali. Fatar idon baƙa ƙirin, man ko bushewa bai yi ba.

Solange ta leƙo ta kafaɗata. Ya miƙo babban yatsansa yana ɗigar mai, kuma ba goshinta ya nufa ba.