Gefe Na Biyu Na Kaset ɗin Umma

An ɗaura auren Auta da mai gyaran rediyon bakin tasha ranar Asabar da hantsi, wata biyar bayan mahaifinta ya ce ba da yawunsa ba.

Auta ce mai shafin nan na kayan yarinta da ake kallo a waya. Tsarinta ba ya canzawa: tebur, farin ƙyalle, da abu guda a kai, ko motar gwangwani, ko takalmin roba da aka ɗinke da waya. Hannunta kawai ake gani. Takan ba da labarin abin cikin minti ɗaya, ta faɗi abin da ta gane game da shi bayan ta girma, sannan ta tambayi masu kallo nasu labarin. Sukan amsa da ɗaruruwa.

Kaset ne ya kai ta shagonsa. A akwatin Umma ta tsince shi, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarta. Lokacin da Baba yake tuƙin babbar mota yakan yi wata uku bai dawo ba, sai a ɗauki muryoyin gida a aika masa. Wannan ba a aika ba, don ya dawo kafin a samu mai tafiya.

Zaren ya tsinke wuri biyu. Mai gyaran ya haɗa shi da ɗan gam, ya naɗe da biro. Ta tsaya a kansa har ya ce ta zauna, tana tare masa haske. Da ya kunna, sai ga yarinya 'yar shekara shida tana gaya wa Baba haƙorinta ya fita, Umma na dariya a bayanta. Auta ta juya fuska bango. Shi kuma ya shiga goge wata rediyo da ba ta da ƙura.

Washegari ya tura mata muryar a waya, da saƙo: "Mai Giɓi, aikinki ya kammala. Haƙorin ya fito kuwa?"

Ta amsa: "Ya fito, Injiniya. In kana son gani, ka biyo ta ƙofar gida."

Ya biyo, sau uku. Kafin na huɗu bidiyon kaset ɗin da ta saka a shafinta ya bazu fiye da duk abin da ta taɓa sakawa, kuma a shagon aski Baba ya ji dariyar matarsa tana fitowa daga wayar wani baƙo. Ya koma gida da rabin aski. Ya ce wanda ya fitar da muryar matarsa titi ba zai zama surukinsa ba. Auta ta ce ita ta saka, ta kuma sauke bidiyon a gabansa. Bai sauya magana ba.

Masu kallo dai ci gaba suke nema. Wani mai tace mata bidiyo, wanda shi ma yake sonta, ya tuna mata cewa kaset gefe biyu gare shi. Ta koma shago ta tambayi Injiniya ina ɗayan. Ya ce jimla ɗaya ya ji ya kashe, kuma ba zai juya mata shi a waya ba, don ba nata ba ne. Ta ce uwarta ce, ba tasa ba, ta ɗauki kaset ɗinta ta fita.

Mai tacewar ya samo na'ura a rana guda. Kwana tara kaset ɗin yana jakarta ba ta kai masa ba. A na goman saƙo ya shigo: "Mai Giɓi, ki yi fushi da ni yadda kike so, ina nan. Amma ki kai wa mai shi."

Ta kai wa Baba, ta faɗa masa yadda aka yi. Da yamma ya sa hula ya tafi bakin tasha.

"Kai ne ka ji muryar matata?"

"Gefe ɗaya, Baba. Ɗayan farkonsa kawai."

"Me ta ce?"

"Ta ce yara sun fita, wannan naka ne kai kaɗai."

Baba ya daɗe yana kallon rediyoyin da ke jere a kantar shagon. Daga baya ya nemi aron mai cin kaset. Injiniya ya fara nuna masa maɓallan, Baba ya ce ya rufa masa baki, tun ba a haife shi ba yake danna su. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce ya turo manyansa.

Ranar aure Baba ya sa musu albarka a taƙaice, ya roƙi Allah Ya ba su zaman da za su so 'ya'yansu su tuna. Ya kuma ce wa Auta ta mayar da bidiyon haƙorin, abokansa sun dame shi da tambaya. Ta mayar.

Rediyon aron na nan a ɗakinsa, da kaset a ciki, an juya shi gefe na biyu. Yayar Auta, mai share ɗakin kowace safiya, ta ce har jiya zaren bai motsa daga farko ba.